Amsa ga ɗan'uwan da filebon mangwaro ya ƙi fita a ruwan vape (sigarin lantarki) ɗinsa

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce ka haɗa ml 30 da filebon mangwaro kashi 10 cikin ɗari, ba ka ji komai ba, ka ƙara ya kai kashi 20, sai abin ya koma kamar sabulu, yanzu kana tambaya ko ka sake ƙarawa. Don Allah kada ka ƙara ko ɗigo ɗaya. Shekarata shida ina haɗa nawa a nan Ingila tun da na bar sigari, kuma abin da ka kwatanta alamar filebo ne da ya yi yawa.

Filebon vape ba kamar sukari a koko yake ba, da za ka ƙara cokali ka ji ƙarin zaƙi. Kowanne yana da iyakarsa, in ka wuce ta sai ɗanɗanon ya dushe, ko ya koma turare, ko ɗaci. Kuma ƙarfin kamfanoni ya bambanta ƙwarai. Na Capella da TFA ina fara su daga kashi 4 ko 5. Na FlavourArt na Italiya, da Inawera na Polan, da Flavorah, masu ƙarfi ne, kashi 1 zuwa 3 ya ishe su. In ɗayan waɗannan ukun ka zuba kashi 10, to tun haɗin farko ka zarce.

Kada ka zubar da wanda ka haɗa. Ka ɗebi ml 5 daga ciki, ka ƙara masa ml 15 na ruwan da babu filebo amma nikotin ɗinsa daidai da na farkon, ka ga ya sauko kashi 5 ke nan. Ka girgiza sosai, ka ajiye kwana uku, ka sa sabuwar auduga a na'urarka kafin ka gwada. Ina kyautata zaton mangwaron zai fito.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne daina haɗa babbar kwalba. Duk sabon filebo, ƙananan kwalabe uku nake yi na ml 10, misali kashi 2 da 4 da 6, shi kaɗai ba gauraye, in liƙa takarda da kwanan wata a jikin kowace. Ina da littafi da nake rubuta abin da na ji ran farko, da bayan mako guda, da bayan biyu. Sannan ka bar ƙirga ɗigo, don bakin kwalba ba ɗaya ba ne. Ka nemi ɗan sikelin da ke auna giram 0.01. PG da VG su ne ruwaye biyun da ake haɗa ruwan vape da su; PG ml ɗaya yana kai giram 1.04, VG kuma 1.26, yawancin filebo kuwa cikin PG aka narkar da su, saboda haka kashi 5 a ml 10 kusan giram 0.52 ne.

Sai maganar tsumuwa, wadda nake zargin ita ta fara ruɗar ka. Mutum ya haɗa yau, ya gwada yau, ya ce bai ji ba, ya ƙara. Na 'ya'yan itace kan nuna cikin kwana biyu zuwa biyar, amma na madara, kastad da taba sai sun yi mako biyu zuwa huɗu kafin su faɗi gaskiyarsu. Na taɓa ajiye wani kastad da na fid da rai da shi, bayan wata guda ya zama wanda na fi so a shekarar. A ajiye a wuri mai duhu da sanyi. In a can gida ƙasar Hausa kake, ka kula da zafin bazara, domin rana da zafi kan sa nikotin ya yi duhu ya riƙa yaji a maƙogwaro, ya danne filebon gaba ɗaya.

Ba ka faɗi rabon PG da VG ba. PG ne ke ɗaukar ɗanɗano, VG mai kauri ne, yana ba da hayaƙi amma yana rufe ƙamshi. Haɗin da ya yi daidai a 50/50 zai iya yin rauni a 70/30, wato VG 70, PG 30. Na'ura ma haka: ƙaramar da ake zuƙa kamar sigari tana son filebo ya ɗan fi ƙarfi, babba mai wuta sosai kuwa tana son a rage. Wani lokacin kuma laifin na harshe ne. In ka daɗe kan ɗanɗano ɗaya, ko mura ta kama ka, ko bakinka ya bushe kamar lokacin hunturu, ba abin da za ka ji. Ka sha ruwa, ka canza ɗanɗano na kwana biyu. Sinadarin zaƙi na sukuralos kada ya wuce rabin kashi ɗaya, yana ƙona koyil, wato wayar da ke dumama ruwan, ya baƙanta auduga.

Akwai abin da ba zan yi shiru a kai ba, don na ga wasu a nan suna ba da shawarar filebon kek na kasuwa da man turare. Kada ka kuskura. Duk abin da ke da mai a ciki ba na huhu ba ne. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka mutane sama da 2,800 aka kwantar a asibiti, 68 suka rasu, kuma binciken CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, ya fi ɗora laifin kan wani mai na bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Nikotin mai ƙarfi kuma guba ne, yana shiga ta fata. Ka sa safar hannu, ka kulle shi inda yara ba za su kai ba, musamman da yake kwalbar tana ƙamshin alewa. Wanda kuma bai taɓa shan sigari ba, ni ba na ba shi shawarar ya fara wannan, don ni kaina hanyar fita na ɗauke shi, daga nikotin mg 18 na sauko zuwa 3.

Ka turo sunan kamfanin filebon, da rabon PG da VG ɗinka, da irin na'urar da kake amfani da ita, in sha Allah zan lissafa maka giram nawa za ka zuba a ml 10.