Filin Tambaya: "Goggo ta ce kaina kamar na mai takaba"

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan wata na mata ne da suka bar gashinsu yadda Allah ya halicce shi, suna shan magana a gida. Mun zaɓi huɗu. Makitsiyarmu da ma'aikaciyar jinya mai duba cututtukan fata su suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aure a unguwar Yelwa, Garwa, gida ɗaya da uwar mijina. Wata bakwai ke nan da na daina sa man miƙar da gashi, wanda masu salon ke ce wa defirizan, domin duk sanda na sa sai fatar kaina ta ƙone ta yi ɓawo. Yanzu kullum Goggo sai ta ce kaina kamar na mai takaba, ƙannen maigidana kuma suna kirana buzu-buzu ko a gaban baƙi. Ga shi gashin ya fara karyewa, in na taje sai mataji ya cika. Har na fara tunanin ko su ne da gaskiya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba su ne da gaskiya ba. Amma bari mu fara da karyewar, don ita ce ke ba su bakin magana.

Gashi iri biyu ne a kanki yanzu. Daga tushe akwai sabon tsiro mai murɗe, kusan santimita shida zuwa bakwai, tunda gashi na ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata. Daga nan zuwa baki kuma tsohon da mai ya miƙar. Yawancin man nan da soda mai ƙuna ake haɗa shi, irin wadda ake dafa sabulu da ita. Aikinsa shi ne ya tsinka ƙullin da ke cikin silin gashi, wanda ke sa shi murɗewa. Abin da ya tsinke ya tsinke ke nan, babu wani mai ko magani da zai mayar da shi. Mahaɗar tsoho da sabo ita ce wuri mafi rauni a kan gaba ɗaya, nan yake ɓallewa. Ki ɗauki sili ɗaya daga mataji ki duba. In miƙaƙƙe ne, babu ɗan farin ƙwallo a gindinsa, karyewa ya yi a mahaɗa. In akwai farin ƙwallon, wanda ya gama kwanansa ne ya faɗi, kuma sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne.

Ko dai ki datse tsohon gaba ɗaya ki huta, ko ki riƙa rage faɗin yatsa ɗaya duk wata biyu. Tunda kina cikin surutu, ta biyun ta fi miki sauƙi, don kitso zai ci gaba da kamawa. Almakashi mai kaifi za ki sa. Dakusasshe tsaga bakin gashi yake.

Kada mataji ya sake taɓa kanki yana bushe. Ki samo busasshen karkashi, wanda a Chadi ake ce wa ambunu, cikin tafin hannu ɗaya, ki zuba a rabin lita na ruwan zafi, ki bar shi kamar minti goma sha biyar har ya yi yauƙi, ki tace da tsumma mai tsabta. In ba ki tace ba za ki wuni kina tsintar ganye. Raba kan gida shida, ki kama kowane. Ki warware ɗaya, ki jiƙa shi sharkaf da ruwan karkashin, ki fara raba shi da yatsu daga baki kina hawa zuwa tushe, sannan ki bi da mataji mai manyan haƙora. Wadda ta kafa mataji daga tushe ta ja, duk cukurkuɗewar take tarawa wuri ɗaya, sai ta fizge.

Wanki sau ɗaya a mako ko kwana goma ya isa. Fatar kai za ki cuɗa da tafin yatsu, ba da farce ba, kumfar da ke gangarowa ta ishi sauran gashin. Ki nisanci garin sabulun wanki da sabulun sanda na kaya, suna kwashe maiƙon kai su bar shi kamar kaba. In sabulun salo ne, ki narka ɗan gutsure a kofin ruwa, kada ki goga shi kai tsaye.

Nan ne mata da yawa ke kuskure: mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi, mai rufe ruwan yake kada ya gudu. In kika lafta man kaɗanya a busasshen kai, zai yi ƙyalli amma yana nan da taurinsa, ƙura kuma ta manne. Saboda haka tun da sauran danshi, ki murza man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa a tafin hannu ga kowane kashi, ki fi ba bakin gashin, ki yi manyan kalaba takwas ko goma ya bushe a haka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke busar da komai, ki riƙa yayyafa ruwa ki bi da ɗan mai duk kwana biyu. A zafin Maris da Afrilu kuwa, da Garwa ke haura digiri 40, kada ki ɗaura ɗankwali da hijabi a kan jiƙaƙƙen kai. Gumi da danshi in sun haɗu, wari da ƙaiƙayi ne ke biyo baya, sai a ce gashin ne ƙazanta. Ki kwana da ɗankwali mai santsi, don na atamfa tsotse mai yake.

Sai maganar Goggo. Ki saurari abin da ta ce da kyau: mai takaba ita ce wadda ta ajiye ado. Goggo ba murɗewar gashinki take tsana ba, gani take matar ɗanta ta saki gyara. Ita kanta da irin gashin nan aka kai ta ɗaki, da kitso da man shanu. To kada ta sake ganin kan a tsefe yana jiran gobe. Ranar da kika tsefe, ranar za ki wanke ki kama shi da manyan kalaba, washegari a kitse. Ki nemi lokacin da take ita kaɗai, bayan la'asar misali, ki zauna ƙasa kusa da ita, ki zame ɗankwali ki nuna mata tabon. Ki ce, "Goggo, man nan ƙona ni yake, dubi nan. Don Allah ki koya mini yadda kuke gyara naku a da." Gani ya kori ji. Tsohuwar da aka nemi iliminta da wuya ta ci gaba da kushe abin da hannunta ya shiga, musamman in ita ta zaɓa miki kitson.

Ƙannen miji akwai wasa tsakaninku, amma wasa a gaban baƙi da ke sa ki sunkuyar da kai ya wuce wasa. Kada ki rama a wurin. Ki gaya wa maigida a ɗaki, shi zai tsawata musu, ƙannensa ne. Kada dai ki tura shi ya yi wa mahaifiyarsa gyara. Ya isa ya ce a gabanta, sau ɗaya, shi haka yake son kan.

TAMBAYA: Daga Njamena nake rubutowa. 'Yata shekararta shida, gashinta cike yake da tauri, duk ranar taje kai kuka ne har maƙwabta su leƙo. Innata ta sayo man miƙarwa na yara, mai hoton yarinya a kwali, ta ce a sa mata kafin Salla, wai ina azabtar da jikarta. In ƙi, ta ce na raina ta.

AMSA: Ki ƙi, cikin ladabi, kuma kada ki sassauta. Kwalin yara da aka rubuta babu soda a ciki, wani sinadarin aka sa a madadinta, shi ma mai ƙuna ne, aikinsu ɗaya. Fatar yaro ta fi ta babba taushi, yaro kuma ba ya zama wuri ɗaya, kuma ɗigo ɗaya a ido na iya yin mummunar illa. Daga ranar da aka fara, duk wata biyu ko uku sai an sake, shekara da shekaru. A 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin mata sama da 33,000, inda aka ga masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa sawa yawan kamuwa da sankarar mahaifa. Alaƙa binciken ya nuna, amma ta isa ta hana uwa fara wa 'yar shekara shida.

Inna tana da gaskiya a abu ɗaya: kukan nan bai kamata ba. Ki bi hanyar karkashi da muka faɗa a sama, ki ƙara da wannan: ki riƙe kashin gashin da hannun hagu kusa da fata yayin da kike tajewa da dama, don jan ya tsaya a hannunki. Ki raba aikin biyu, tsifa da wanki yau, kitso gobe da safe bayan ta ci abinci. Ki tsaya a kan makitsiya. In kika ga fatar goshi ta ɗago, ko ƙananan ƙuraje sun feso a bakin tsaga, ko yarinya ta kasa kwantar da kai a matashi, kitson ya yi tsauri, a warware layin gaba a take. Jan nan shi ke cinye gashin goshi. Da farko yana dawowa, in aka daɗe ana yi saiwar ta mutu sai sanƙo. Mako biyu ya ishi kitson yarinya.

In akwai wani zagaye a kan da gashin ya guntule, yana farin gari, makero ne. Shafe-shafe ba ya kashe shi, sai maganin sha na makonni daga asibiti, kuma mataji da hula nata daban har ta warke.

Ki kira Inna ranar wankin kai ta zauna ta gani da idonta. Ki ce, "Inna, ki ba ni wata ɗaya, in har tana kuka sai mu sake shawara." Kwalin kuma kada ya kwana a gidan, don ana iya sa mata ranar da kika fita unguwa. Ki kuma roƙi kowa a daina cewa "mugun gashi" a gabanta. Tana ji, tana ajiyewa.

TAMBAYA: Bikina saura mako uku, a Domayo, Marwa. Shekara biyu ban sa komai a kaina ba. Goggonnina sun ce amarya ba ta shiga ɗaki da kai haka, sai an miƙar an ƙara meshi, wato gashin kanti da ake haɗawa da na kai.

AMSA: Allah ya sanya alheri. Abin da suke so tsawo ne da kwanciya, kuma ana samunsu ba tare da mai ba. Ki yi kitson zare: bayan wanki, da sauran danshi, a raba kan gida goma sha biyu zuwa ashirin, a naɗe kowane da baƙin zare daga tushe har baki, ba tamau ba, a bar shi kwana biyu ko uku. In aka warware, tsawon da ke ɓoye zai fito, ya kwanta a yi masa duk kitson da ake so. Ki gwada wannan makon, ki kira babbar goggon ta gani, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tuna mata kuma cewa mai in ya ƙona fata, ɓawon kan ɗauki mako ko fiye, ga turare da zafin taro.

Batun meshi, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko ta ƙara wa 'yarta amarya gashi, don ciwo ya zubar mata da nata, ya hana. Malamai sun yi bayani a kan bambancin gashi da zare ko ulu. Ki sa mahaifiyarki ta tambayi malamin gidanku, amsar ta fito daga bakinsa ba naki ba.

TAMBAYA: Daga Kusiri. Addata ta ce shekara biyu gashina bai motsa ba, wai irin namu ba ya tsawo sai da shebe. Gaskiya ne?

AMSA: Yana tsawo. Gashi mai murɗe in ya sha ruwa ya bushe yakan takure ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka. Ki ja sili daga ƙeya, ki auna da tef ɗin tela, ki rubuta, ki sake bayan wata uku. In bai ƙaru ba, baki ne ke karyewa daidai da yadda tushe ke fitowa.

Shebe na matan Chadi, wanda ake soya 'ya'yansa a daka da kanumfari da mahalab, ba ya sa saiwa sauri. Amfaninsa yana lulluɓe sili da maiƙo, gashin kuma yana zaune a kitse ba a taɓa shi, sai karyewa ta ragu. Ki kwaɓa cokali biyu na garin da cokali huɗu na mai, ki shafa a gashi mai danshi, ki bar tazarar yatsu biyu daga fata, ki kitse. In ya taru a fatar kai ƙaiƙayi yake kawowa. Ki fara gwada kaɗan a bayan kunne ki kwana da shi, don kanumfari na yi wa wasu zafi. In kuwa zubewa yake daga saiwa, da farin ƙwallo a gindi, kina kuma yawan gajiya ko jiri, ki je a auna jininki. Mai jego ma takan ga irin wannan zubewa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma takan tsaya da kanta kafin yaro ya shekara.