Filin Goggo: Kwandon Musa da Wasiƙar Yayarsa

TAMBAYA: Goggo, barka da aiki. Ni malamar Makarantar Lahadi ce a wata 'yar majami'a da muke sujada da Hausa a nan Garwa. Yarana sun kusa talatin, daga masu shekara 5 zuwa 12, duka a rumfa ɗaya. In ina ba su labari sai su yi tsit, amma mako na zagayowa in tambaye su, sai kallo. Na ce bari in sake dabara a labarin haihuwar Musa: manyan su rubuta wasiƙa kamar su ne yayarsa, ƙananan su saƙa kwando. Wani dattijon ikilisiya ya ji, ya ce wannan ƙari ne a kan Maganar Allah, har ya karanta mini Wahayin Yahaya 22:18. Ga shi ko kuɗin takarda mai launi ba mu da shi. In bari ne ko in ci gaba?

Wata malama, Garwa

AMSA: 'Yata, ki ci gaba. Amma kafin ki sayi kaba ko damƙi ɗaya, ki je gidan Baba dattijo ki gaishe shi, domin tsoronsa yana da tushe. Na sha zama a aji na ji yara suna rantsuwa cewa kada ya biyo kwandon Musa da baki buɗe, wai malama ce ta faɗa. Malama ta ƙara ne don labari ya yi armashi, yaro kuwa ya haɗiye duka a matsayin aya. Abin da Baba ke gudu ke nan.

Maganinsa takarda ɗaya ce da bik, wato biro, guda biyu. Ki yago takarda daga kaye, wato littafin rubutu, kowane yaro ya ninka tasa gida biyu. A hannun hagu ya rubuta "Littafi ya ce" da shuɗi, a dama ya rubuta "Ni na zata" da ja. Ki karanta musu Fitowa 2:1-10 sau biyu, a hankali, sannan su cika hagu da abin da suka ji kawai: an ɓoye jariri wata uku, uwarsa ta sa shi a kwando ta shafe da kwalta, ta ajiye a cikin ciyayin bakin Kogin Nilu, 'yar'uwarsa ta tsaya daga nesa, 'yar Fir'auna ta zo wanka, yaron yana kuka ta ji tausayinsa, aka kira uwarsa ta shayar da shi, har da lada. Duk wanda ya sa kada a hagu, ki ce ya nuna miki ayar. In ya rasa, kadan ya koma dama, can yana da izinin zama. Yaron da ya yi wannan aikin ya koyi raba Maganar Allah da tunanin mutum, abin da manya da yawa a kan bencin majami'a ba su iya ba. Ki kai wa Baba takardun ya gani da idonsa.

Ki kuma tuna masa, cikin ladabi, da Joshuwa sura 4. Da Isra'ilawa suka haye Urdun, an umarce su su ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin su kafa, don in 'ya'yansu suka tambaya me duwatsun ke nufi, iyaye su ba da labarin. Kwandon da za ku saƙa aikinsa ke nan. Yaro ya shiga gida da shi, kakarsa ta ce mene ne wannan, dole ya buɗe baki ya faɗa. Labarin da yaro ya maimaita da bakinsa a tsakar gida ba ya ɓacewa kafin Lahadi.

Yanzu wasiƙar. Kada ki ce musu "ku rubuta labarin Musa", za su kwafe miki abin da kika faɗa ne. Ki jefa musu tambayar da Littafi bai amsa ba. Yaya ake hana jinjiri kuka har wata uku, alhali maƙwabta na jin motsin juna? Duk yarinyar da ta taɓa goyon ƙaninta tana da amsa, kuma za ki sha dariya. Me yayar ta ji a cikinta lokacin da ta hango kuyangin gidan sarki suna gangarowa? Ina ta samo ƙarfin halin tunkarar 'yar sarkin da ya ba da umarnin a jefa jarirai maza a kogi? Fitowa 7:7 ta nuna Haruna ya girmi Musa da shekara 3, to me aka ce wa wannan ɗan yaron da ya tashi ya ga babu ƙaninsa? Layi biyar ya isa. Wanda ya fi so ya rubuta wa uwar, ko ya zama kuyangar da aka aika ta ɗauko kwandon, ki ƙyale shi.

Na san yaranmu na Garwa: Faransanci suke rubutawa a makaranta, Fillanci a kasuwa da wajen wasa, Hausa a gida. Da yawansu ba su taɓa rubuta ƙ ba. Kada ki mai da ajin na gyaran rubutu. Kowa ya rubuta da yaren da hannunsa ya saba, amma in zai karanta wa jama'a ya faɗa da Hausa. Masu shekara 5 da 6 kuwa, ki haɗa kowanne da babba ɗaya, ƙaramin ya faɗa, babban ya rubuta masa. Haka ma hayaniyar rumfa ɗaya ke raguwa.

Manyan, 'yan 10 zuwa 12, ki ajiye musu tambayoyi biyu masu nauyi. Su ƙirga matan da suka tsaya tsakanin Musa da mutuwa: ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, a sura 1, sai uwarsa, yayarsa, da 'yar Fir'auna. Sannan su nemo sunan Allah a ayoyi goman nan na sura 2. Ba za su same shi ba. Ki bar su su yi ta gardama a kan inda yake a labarin, kada ki yi saurin ba su amsa. In sun gaji, ki buɗe musu Ibraniyawa 11:23, inda aka ce ta wurin bangaskiya ne iyayen suka ɓoye shi. Sunan uwar ma, Yokabed, ba ya cikin sura 2, sai a 6:20, neman sa aikin gida ne mai kyau.

Batun kuɗi kuwa, ki manta da takarda mai launi. Kaba ta 'yan sefa kaɗan a kasuwa za ta wadatar da ajin. Ki jiƙa ta tun daren Asabar don kada ta karye a hannun yara. Ki tara gorunan roba na ruwan sha, ki yanke gindinsu tsawon yatsa, ki tsattsaga gefen daga sama zuwa kusa da ƙasa ya zama haƙora 7 ko 9. Lallai adadin ya zama mara, in ba haka ba saƙar ba za ta riƙa saɓawa ba in an zagayo. Yankan nan ke kaɗai za ki yi shi a gida, reza ba ta shiga aji. Yara su riƙa ratsa kabar ciki da waje har ta rufe robar. Wanda kaba ta gagara, ki ba shi ƙyallen atamfa daga shagon tela. Ɗan ƙullin auduga ya zama shimfiɗa, auduga dai ba ta wuyar samu a Garwa, tsumma naɗaɗɗe ya zama jariri.

Abu ɗaya da nake so kada ki tsallake: ki zo da baho cike da ruwa da ƙananan kwanduna biyu na kaba zalla. Ɗaya haka nan, ɗaya kin ɗiga masa narkakken kyandir a ciki tun a gida. Ki sa dutse a kowanne ki ɗora a ruwa. Na farkon zai sha ruwa a gabansu. Ki tambaye su me uwar ta yi, za su koma aya ta 3 da kansu. Wanda ya taɓa ganin masunta a bakin Binuwai suna toshe jirgi da tsumma da kwalta zai riga kowa ɗaga hannu. Kada ki shafa ƙaro, narkewa yake yi a ruwa. Kuma ki faɗa musu da babbar murya cewa a baho ake gwadawa, ba wanda zai kai nasa kogi, kin san dorinar da ke wajen gada.

Kada ki cusa duk wannan a Lahadi ɗaya. Karatu da takarda mai gida biyu a ta farko, kwando da baho a ta biyu, a ta uku su karanta wasiƙunsu. Ki gayyaci Baba ya zauna a ta ukun, shi zai riƙe Littafi yana duba na hagu.

TAMBAYA: Goggo, ɗana ya dawo da fushi, wai abokinsa Musulmi ya ce matar Fir'auna ce ta ɗauki Musa, shi kuwa an koya masa 'yarsa ce. Har sun daina magana. Me zan ce masa?

Wani uba, Gidar

AMSA: Ɗana, ka ce masa abokinsa bai yi ƙarya ba, abin da aka karantar da shi ya faɗa. A Alƙur'ani, cikin Suratul Ƙasas, matar Fir'auna ce ta roƙi kada a kashe yaron, Suratu Ɗaha kuma ta ambaci akwati. A Fitowa 'yar Fir'auna ce, da kwando. Kowannensu ya riƙe na littafinsa, su koma ƙwallonsu. Sai dai in yaronka yana da irin kwandon da na kwatanta a sama, ka hana shi miƙa wa abokin ɗan tsumman yana cewa ga Annabi Musa. Maƙwabtanmu ba sa siffanta annabawa, kuma iyayen yaron ba za su ji daɗi ba. Ka aike shi gidansu da gyaɗa ko ƙosai da yamma, shi ya fara sallama.