Filin Tambaya da Amsa: Ƙara wa Amiga 500 Gudu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji tsohuwar kwamfuta Amiga 500 da aka zo da ita daga Faransa. Tana tashi lafiya, amma tafiyarta ta hawainiya ce. Na ji ana sa mata wani abu PiStorm. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kamfanin Commodore ya fito da wannan na'ura a 1987, da ƙwaƙwalwar Motorola 68000 mai gudun 7 MHz. PiStorm ƙaramin allo ne da ake dasawa a gurbin ƙwaƙwalwar, a ɗora masa ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3A+, sai manhajar Emu68 ta sa Pi ɗin ya riƙa aikin 68000 da gudu ninkin ba ninkin.

Amma kafin ka sayi komai, fara da wuta. Pi ɗin daga layin volt 5 na Amiga yake sha, kuma da yawa daga tsofaffin akwatunan wutarta amp 2.5 kawai suke bayarwa, ga tsufa. Sa mita ka auna a wayar da ke kai wuta ga na'urar karanta fulofi: in ya sauka ƙasa da 4.75, na'urar za ta riƙa daskarewa, ka yi ta zargin PiStorm alhali ba laifinsa ba ne. Nemi sabon akwati mai amp 4 ko fiye. Da yake taka ta Faransa ce, ta dace da wutarmu ta 220; da ta Amurka ce mai 110, da jonawa ɗaya ta ƙone akwatin.

Sannan ka buɗe murfin da ke ƙasan Amiga ɗin. In akwai allon ƙarin ma'ajiya mai suna A501, duba batirinsa. Irin wannan batir yana yoyo ya cinye layukan tagulla. Yanke shi yau.

Wajen dasawar, cire wuta, ɗage garkuwar ƙarfen da ke rufe da babban allon kwamfutar, ka ɗauki hoton 68000 domin tuna inda tsagar kanta ta fuskanta. Ƙafafu 64 gare ta. Ɗaga ta da siririn sukudireba, kaɗan daga wannan gefe, kaɗan daga wancan, kada ka yi gaggawa. Dasa PiStorm ta fuska ɗaya da yadda 68000 ta zauna, ka tabbata babu ƙafar da ta lanƙwashe ko ta zame gurbi guda. A lokacin hunturu ka taɓa ƙarfe tukuna, domin busasshiyar iska tana tara wa jiki wutar da ke kashe guntayen na'ura. Katin microSD a tsara shi FAT32 kafin a zuba Emu68, kuma ka tambayi mai sayarwa ko an riga an loda wa allon PiStorm manhajarsa.

In ka kunna ka ga allon kallo ya yi baƙi, yawanci ƙafa ce ba ta zauna ba. Kore kuwa matsalar chip RAM ce, wato ma'ajiyar ainihi ta Amiga.

Workbench, wato fuskar tsarin aikin Amiga, zai yi sauri ƙwarai, kuma yana iya fita ta HDMI. Tsofaffin wasanni dai ta tsohuwar kafar RGB za su ci gaba da fita, wasu ma su rikice saboda an gina su a kan gudun 7 MHz; manhajar loda wasanni mai suna WHDLoad tana gyara da yawansu. Zafin Maradi na watan Afrilu kuma ya wuce digiri 40, don haka manna wa Pi ɗin ƙarfen sanyaya, ka bar garkuwar a cire, ka adana 68000 ɗin a cikin soso na musamman mai hana taruwar wuta.