Tambayoyin Masu Karatu: Shugabancin Sa-kai a Nima

Tambaya: Malama, mu mata ne masu jinyar 'yan'uwanmu masu taɓin hankali a Nima, Accra, kuma an ɗora mini shugabancin ƙungiyarmu ba tare da albashi ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Hajiya, ki fara da yi wa ƙungiyar rajista a ofishin jin daɗin jama'a na majalisar yankinku, domin ta majalisar ake raba kason naƙasassu daga asusun gwamnati. Sannan ki fahimtar da mambobi cewa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta haramta azabtar da majiyyaci, ko da sunan magani ne, alhali asibitin masu taɓin hankali na Pantang na nan a gefen birnin Accra. Kuɗin gudunmawa kuwa, ki bar su a hannun ma'aji, kada ki riƙe ko sisi.