Ƙwan Tsaka: Me Ya Sa Ya Lotsa?

Tambaya: Malam, ina kiwon tsaka mai zanen damisa. Ta saka ƙwai biyu, na sa su a injin ƙyanƙyasa, amma bayan kwana goma duk sun lotsa. Sun zama baragurbi ke nan?

Amsa: Kada ka yi saurin zubar da su, Malam. Ƙwan wannan tsaka ba shi da ɓawo mai tauri irin na kaza. Fata ce mai taushi da ke tsotsar ruwa daga abin da aka kwantar da ƙwan a kai, don haka lotsawa da wuri yawanci ƙishi ne. Tsiyaya ruwa kaɗan a gefen mazubin da ƙwan ke ciki, ba a kan ƙwan ba, ka rufe. Idan da rai, zai cika cikin 'yan kwanaki.

Tun farko a sikeli ake haɗa shimfiɗar da ake kwantar da ƙwan a kai: giram 100 na bamikulait, wato ɓarɓashin ma'adini mai riƙe ruwa da masu rainon tsirrai ke amfani da shi, da giram 100 na ruwa. Ka dunƙula a hannu. Ya riƙe amma kada ya ɗiga. Binne ƙwan zuwa rabi, ka auna nauyin mazubin gaba ɗaya ka rubuta. Duk mako buɗe shi ya sha iska, ka sake aunawa, ka mayar da ruwan da ya ragu. Yawan ruwa ma ya fi ƙarancinsa illa, domin shi ke jawo hunhuna.

Wani abin da ke kashe ƙwai a hannun sababbin masu kiwo shi ne juyawa. Ƙwan kaza ake juyawa, ba na tsaka ba: ɗan tayin yana manne a sama, in ka kife shi zai iya mutuwa. Yi ɗigo da alƙalami mai taushin baki a saman kowanne ranar da ka ɗauke shi. Don gane mai rai, haska shi da tocila a duhu. Jaja-jaja da jijiyoyi alamar rai ce, rawaya fayau kuwa fanko ne.

Tambaya: Da gaske ne zafi ke zaɓar mace ko namiji?

Amsa: Gaskiya ne ga wannan nau'in. Digiri 26 zuwa 27 na Salshiyas yawanci mata, 29 zuwa 30 gauraye, 31 zuwa 32 yawanci maza. Mai zafin yakan fito da kwana 35 zuwa 45, mai sanyin yakan haura wata biyu. Ni ban ba sabon shiga shawarar neman maza, domin na'urar daidaita zafi in ta ɗan kuskure sama, ƙwan ya tafi.

Dab da fitowa ƙwan yakan yi gumi ya lotsa. Wannan karon kada ka ƙara ruwa, kada kuma ka taya shi fasawa. Mayar da jaririn kan tishu mai danshi, ka jira ya yi saɓar farko, kwana uku zuwa biyar, sannan ka ba shi ƙananan gyare.