Yunit, GPA da kari-oba: kalmomin da ke ruɗa sabon ɗalibin kimiyya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Agege ce, na samu gurbin karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Legas da ke Akoka. Ranar da aka tara mu sababbin ɗalibai, ba abin da nake ji sai yunit, GPA da kari-oba. Kowa na gyaɗa kai, ni kuwa kunya ta hana ni tambaya. Ni ce ta farko a gidanmu da ta shiga jami'a. Don Allah a fayyace mini.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya sanya albarka. Masu gyaɗa kan nan, da yawansu ba su fi ki ganewa ba.

Mu fara da yunit, don sauran duk a kansa suke rataye. Yunit shi ne nauyin kwas. Lakcar awa ɗaya kowane mako har ƙarshen zango, wato semista, kimanin mako 15, ita ce yunit ɗaya. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa sai an yi kamar awa uku ake lissafa yunit ɗaya. Shi ya sa za ki tsaya da farar rigarki kina ɗiga sinadari ɗigo-ɗigo har ruwan kwalbar ya koma ruwan hoda, ƙafa ta yi tsami, amma a takarda yunit ɗaya tal za ki gani.

A mafi yawan jami'o'inmu, maki 70 zuwa sama A ne, darajarsa 5. B daga 60 yake, darajarsa 4. C daga 50, 3. D daga 45, 2. E daga 40, 1. Ƙasa da 40 F ne, babu komai. Ana ninka darajar da yunit ɗin kowane kwas, a haɗa duka, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne GPA.

A ce kwas ɗin lissafi yunit 3 ne kin samu C, kin tashi da 9. Turanci yunit 2 kin samu A, 10 ke nan. Firaktikal, wato aikin ɗakin gwaje-gwaje, yunit 1 shi ma A, 5. Jimilla 24, a raba da 6, GPA ɗinki 4.0. Da a ce F kika samu a kwas ɗin lissafin nan, 15 za a raba da 6, ki dawo 2.5, alhali kina riƙe da A biyu. Kin ga inda ya kamata ki fi ba wa lokaci.

CGPA kuma shi ne wannan lissafin tun daga zangon farko har ranar gamawa. Da shi ake tantance darajar digiri: ta ɗaya daga 4.50 take, ta biyu babba daga 3.50, ƙarama daga 2.40. Abin da ke ci mini rai shi ne ɗaliban da ke ɗaukar shekarar farko lokacin shaƙatawa. Ramin da aka haƙa a aji ɗaya, har aji huɗu ana cikonsa.

Kari-oba kwas ne da aka faɗi jarrabawarsa. Za ki wuce aji na gaba, amma dole ki sake yi masa rajista ki sake jarrabawa, kuma F ɗin farko yakan zauna cikin lissafi. Wani kwas ɗin ma sharaɗi ne ga na gabansa, sai an ci shi ake barin ki ɗauki wancan.

Lambobi irin su CHM 101 ba su da wuya: haruffan fanni ne, lambar farko aji ce, ta ƙarshe in mara ce yawanci zangon farko, in cika ce na biyu.

Ki nemi malamin da sashenku ya naɗa mai ba ajinku shawara kafin ki kammala rajistar kwasa-kwasai, ki buga takardar ki adana kwafi. Na taɓa ganin yarinya mai ƙoƙari ta rubuta jarrabawar kwas ɗin da ba ta yi wa rajista ba, sakamakon bai shiga ba, ta zauna a ofishina tana kuka.

Sannan gwaji da aikin gida sukan ɗauki maki 30 cikin 100, wani malamin kuma ba ya sanarwa kafin ya yi gwaji. In daga Agege za ki riƙa zuwa, ranar lakcar ƙarfe takwas ki fito da an idar da sallar asuba, kafin cunkoson Oshodi ya riƙe ki.