Dalilin da bakin ganyen maranta ke bushewa

'Yar'uwa, kin ce bakin ganyen marantarki, shukar nan da ke ɗaga ganyenta sama da daddare kamar mai addu'a, yana bushewa yana yin ruwan ƙasa duk da kina ba ta ruwa kullum.

Matsalar ba ƙishirwa ba ce. Asalin maranta dazuzzukan Brazil ne, inda take tsirowa a inuwar manyan bishiyoyi cikin iska mai laima. Busasshiyar iskar hunturu da na'urar sanyaya ɗaki su ne ke ƙona bakin ganyen. Don ƙara laima, ki zuba tsakuwa a faranti, ki sa ruwa, ki ɗora tukunyar a kai ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Laima kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari take so. Fesa ruwa a ganye kuwa, amfaninsa na 'yan mintuna ne kawai.

Ban ruwa kullum ma yana ruɓar da saiwa. Ki tsoma yatsa santimita 2 cikin ƙasar. Sai kin ji ta bushe za ki zuba, kuma tukunyar ta kasance da huda a ƙasa. Ruwan sama ya fi na famfo, domin gishirin da ke cikin na famfo yakan taru ya ƙona ganye.

Ki ajiye ta kusa da taga mai labule, rana kai-tsaye tana koɗar da zanen ganyen. Ki leƙa bayan ganye: in kin ga siririyar yana kamar ta gizo-gizo, ƙananan ƙwari ne, ki wanke su da ruwan sabulu kaɗan.